Jagora: Yadda Za Ka Auna Turjiyar Batirin Sola Kafin Ka Ce Ya Mutu

Tambayar da ta fi zuwa mini daga masu karatu, musamman masu haɗa sola a Kawo, Rigasa, Barnawa da Tudun Wada, kusan iri ɗaya ce. Batir yana nuna bolt 12.7, kowa ya ga ya cika, amma da an kunna firji ko injin jan ruwa sai inbata ta hau kuka ta ɗauke wuta. Wasu kafin su turo tambayar ma sun riga sun kira 'yan gwangwan an ɗora shi a sikeli.

Bolt ɗin da mita ke nunawa lokacin da batir yake zaune ba ya ɗauke da komai, labarin caji kawai yake ba ka. Abin da ke hana wuta fitowa da ƙarfi shi ne turjiyar da take cin karo da ita a hanya, kuma a wuri biyu take. Akwai ta ciki, inda farantan dalma suke haɗuwa da ruwan asid. Akwai ta waje, inda kan batir yake haɗuwa da bakin waya. Idan ta ciki ce ta yi yawa, galibi sai haƙuri. Ta waje kuwa samfefa da sifana sun isa. Aikin duka shi ne ka raba waɗannan biyun kafin ka yanke wa batir hukunci. Awon kansa daƙiƙu ne, shirin ne ke cin lokaci.

Ma'aunin da za mu yi ta ambata shi ne miliom, wato kashi ɗaya cikin dubu na om, ma'aunin turjiya.

1. Haɗa kayan aiki

Babban kayan shi ne mitar auna turjiyar batir mai waya huɗu. Waɗanda suka fi yawo a hannun masu gyara su ne YR1035+ da RC3563. Dukansu suna tura 'yar ƙaramar wuta mai kai-komo sau 1,000 a daƙiƙa cikin batir, su auna abin da ya dawo, su nuna maka miliom da bolt a lokaci ɗaya. Suna ɗaukar har bolt 100. A kasuwannin intanet kuɗinsu yakan tsaya tsakanin dala 30 zuwa 50, ban da kuɗin kawowa. Ko da ribar ɗan kasuwa ta hau kai, ba ta kai rabin kuɗin sabon batir mai 200Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa) ba. In aljihu ya yi nauyi, masu shago biyu ko uku su yi karo-karo su sayi ɗaya, ba kaya ba ne da ake buƙata kowace sa'a.

Sai maltimita wadda take da gurbin milibolt (kashi ɗaya cikin dubu na bolt), da mita mai baki wadda ake maƙala wa waya don auna amfiya, wato yawan wutar da ke gudu a cikinta. Sauran kanana ne, duk ana samunsu a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko Panteka: samfefa mai laushi, burushin waya, sifana da aka naɗe jikinta da tef, bekin soda, basilin, tabarau, safar hannu ta roba, da littafi da biro.

Gargaɗi: da yawa daga cikin mitoci masu baki na araha wutar NEPA kawai suke aunawa, ba sa ganin wutar batir. Ka duba jikinta ka ga an rubuta DC a gefen amfiya kafin ka biya.

Gargaɗi na biyu: kada ka sa maltimita a gurbin om ka ɗora a kan batir wai don ka auna turjiyarsa. Wannan gurbin na abin da ba shi da wuta a jikinsa ne. Lambar banza za ka samu, in ma mitar ta tsira.

2. Kada ka kwance komai tukuna: auna mahaɗa wuta na gudu

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, alhali a nan gizo ke saƙar. Da zarar ka sa sifana ka motsa noti, ka shafe shaidar.

Kunna inbata, ka ɗora mata kaya masu nauyi, misali dutsen guga mai wat 1,000. Idan tsarin na bolt 24 ne, za ka ga mita mai baki tana nuna amfiya 45 zuwa 50. Rubuta lambar. Yanzu mayar da maltimita gurbin milibolt. Kafa tsinken farko a jikin dalmar kan batir kanta, ba a kan noti ba, tsinke na biyu kuma a jikin bakin wayar, daidai inda jan ƙarfe ya shiga. Tazarar ba ta wuce faɗin yatsa biyu ba. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ke salwanta a wannan mahaɗar kaɗai.

Raba milibolt da amfiya, ka samu miliom. Idan ka ga milibolt 10 a amfiya 50, miliom 0.2 ke nan, mahaɗar lafiya lau. Idan ka ga milibolt 200 a amfiya 50, miliom 4 ke nan. Ƙaramar lamba ce a ido, amma ta yi daidai da turjiyar lafiyayyen batir mai 200Ah gaba ɗayansa, kuma tana ƙona wat 10 a wuri ɗaya ɗan ƙarami. Shi ya sa za ka tarar bakin wayar ya yi duhu-duhu, robar da ke kusa da shi ta yi laushi ta lanƙwashe, wani lokaci har dalmar ta fara narkewa a gindin noti. Ka bi kowane kai ɗaya bayan ɗaya, har da gajerun wayoyin da suka haɗa batir da batir, da fis, da bireka. A tsarin batir huɗu kawuna takwas ne, kuma guda ɗaya tak ya isa ya sa inbata kuka.

Dokar da nake bi: mahaɗar da ta wuce milibolt 50 a irin wannan nauyi, ko ta ninka 'yan'uwanta, sai an kwance an goge.

Gargaɗi: cire zobe, agogo da duk wani ƙarfe a hannunka. Batir mai 200Ah yana iya sakin ɗaruruwan amfiya a ƙiftawar ido idan ƙarfe ya haɗa kawunansa biyu.

3. Cika batir, kashe komai, bar shi ya huta

Turjiyar batirin dalma tana ƙaruwa idan caji ya sauka, domin asid ɗin ciki yana tsinkewa ya koma kusa da ruwa. Saboda haka awon da aka yi wa batir mai rabin caji zalunci ne. Cika shi tukuna.

Wajen kashewa akwai jeri. Kashe kayan gida, kashe inbata, cire layin NEPA ko janareta, sannan ka raba faifan sola da kwantirola, wato na'urar da ke daidaita caji tsakanin faifai da batir. Sai bayan nan ka taɓa wayar batir, ka fara da baƙa. Kwantiroloji da yawa suna lalacewa idan faifai na turo wuta babu batir a jikinsu.

Baturan da aka jera kai-da-wutsiya, irin biyu don bolt 24 ko huɗu don bolt 48, kana iya auna kowanne ba tare da ka cire wayoyin tsakaninsu ba, muddin an raba su da inbata. Waɗanda aka haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, dole ka raba su. In ba haka ba wutar mitar za ta bi ta cikin dukansu, mai lafiya ya rufa wa mara lafiya asiri.

Bar shi ya huta aƙalla sa'a huɗu. Batirin da aka sauke daga caji yanzun nan yakan nuna sama da bolt 13, wannan cajin sama-sama ne. Bayan hutu, cikakke yana zama tsakanin 12.6 da 12.8. Idan ka ga kusan 12.2, rabi ne. Idan kuwa an yi caji sosai amma ya sauko wajen 10.5, ɗaya daga cikin ɗakuna shidan da ke cikinsa ya haɗe, ba sai ka ɓata lokacin sauran matakan ba.

Gargaɗi: batir mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, kuma idan ta kai kashi 4 cikin ɗari a iskar ɗaki, tartsatsi ɗaya ya isa. Buɗe taga da ƙofa. Ban da sigari, ban da kurfotin gawayi kusa da wurin ko da sanyin hunturu ya matsa.

4. Goge kawuna

Farin garin nan ko kore-koren da ke taruwa a kan batir, a jiƙa bekin soda da ruwa a wanke shi da burushi. Zai yi kumfa, hakan ake so. A kula kada ya shiga ramukan batir. Share ya bushe, sannan a bi da samfefa har dalma ta yi haske. Saman batir ma a goge: ƙurar hunturu idan ta haɗu da danshin asid takan zama hanyar da wuta ke sulalewa daga kai zuwa kai.

5. Saita mita, sannan ka auna

Me ya sa waya huɗu? Wayar mita da bakinta suna da tasu turjiyar, wadda sau da yawa ta fi ta batirin da ake son aunawa. Sai aka raba aikin: biyu suna tura wuta, biyu suna auna bolt kawai ba tare da wata wutar kirki ta bi ta cikinsu ba, don haka turjiyar wayar ba ta shiga lissafi. Ana kiran wannan dabara da sunan masanin nan na Birtaniya, Kelvin. Abin da ya shafe ka a nan shi ne kowane tsinke yana da baki biyu, kuma dole bakunan huɗu su taɓa dalma kowanne da kansa.

Kunna mita, haɗa tsinkayen biyu da juna yadda takardarta ta nuna, ka ga ta nuna sifiri ko dab da shi. In ba ta nuna ba, danna maɓallin saitawa. Murɗe wayoyin biyu su nannaɗe juna kamar igiya har kusa da baki, kada ka bar su sun yi faffaɗan zobe, kuma kada su kwanta a kan shiryayyen ƙarfe. A wannan ƙaramin ma'auni, yadda waya ta kwanta ma yana canza lamba.

Ja a kan ja, baƙi a kan baƙi. Danna da ƙarfi daidai, a jikin dalmar da ka goge. Lambar za ta yi rawa na daƙiƙa biyu ko uku sannan ta tsaya. Ɗaga hannu, sake dannawa, har sau uku. Idan ka samu 4.1, 4.2, 4.1, rubuta 4.1 ka wuce. Idan ka samu 4.1, 6.8, 5.3, ba batir ba ne ke canzawa, tsinkenka ne bai zauna ba ko kan bai gogu ba. Koma mataki na huɗu.

Gargaɗi: awo a kan noti ko washa (ɗan zoben ƙarfen da ake sawa ƙarƙashin noti) yana ƙara turjiyar mahaɗa a kan ta batir. Mutane da yawa sun yi asarar batir mai kyau ta wannan hanya. Baturan da kawunansu rami ne mai zare, ka auna a fuskar ƙarfen da ke kewaye da ramin.

Gargaɗi: idan lambar ta ƙi tsayawa sam, duba ko akwai caja ko inbata da ka manta a haɗe. Wutarsu tana da kaɗawa wadda ke rikita mitar.

Rubuta zafin wurin kusa da lambar. Kamfanoni suna bayar da alƙalumansu a digiri 25. Zafi yana rage turjiya, sanyi yana ƙara ta. Batirin da ka auna da rana tsaka a watan Afrilu a cikin shago mai rufin kwano zai nuna kamar ya fi lafiya, shi ɗin dai da asubar Janairu zai nuna kamar ya tsufa. Safiya ta fi dacewa, kuma ka riƙa yi a lokaci iri ɗaya. Kada wannan ya ruɗe ka ka ɗauka zafi gata ne ga batir: duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana kusan raba tsawon rayuwar rufaffen batir, wato wanda ba a ƙara masa ruwa, gida biyu.

6. In babu wannan mitar: hanyar ƙwan mota

Tana aiki, sai dai ba ta kai waccan tsafta ba. Samo ƙwan fitilar mota huɗu masu wat 55, kowanne yana jan kusan amfiya 4.5. Haɗa su yadda za ka iya kunna ɗaya, sannan ka ƙara ukun a lokaci guda.

Kafa maltimita a kan dalma kai tsaye, daban da inda ka maƙala wayar ƙwayayen. Kunna ƙwai ɗaya, ƙirga daƙiƙa goma, rubuta bolt da amfiyar da mita mai baki ta nuna. Ƙara sauran ukun, ƙirga daƙiƙa uku don su gama ɗaukar zafi, sake rubutawa. A ce da farko ka samu bolt 12.58 a amfiya 4.5, daga baya 12.47 a amfiya 18. Bambancin bolt 0.11 ne, na amfiya 13.5. Raba, ka samu kusan miliom 8.

Lambar da wannan hanya ke bayarwa kullum ta fi ta mitar waya huɗu girma. Ba kuskure ba ne. Wuta mai saurin kai-komo tana tsallake wani ɓangare na jinkirin da ke faruwa a fuskar faranti, wuta miƙaƙƙiya kuwa dole ta bi ta cikinsa. Don haka kada ka gwama sakamakon hanyoyin biyu, kowace da shafinta a littafi. Kuma ƙirgar daƙiƙun ta zama iri ɗaya a kowane batir, domin bolt yana ci gaba da zamewa ƙasa muddin ƙwai na kunne.

Gargaɗi: kada ka bi da amfiya 18 ta cikin maltimita. Ramin amfiyarta galibi 10 ne iyakarsa. Ƙwayayen kuma suna yin zafin ƙuna, a ɗora su a kan bulo.

Shi kuma gwajin da wasu ke yi a bakin kasuwa, a goga waya a kawuna biyu a ce "kalli wuta, maigida", wannan ba awo ba ne. Batirin da saura ƙiris ya mutu ma yana tartsatsi.

7. Karanta lambar

Babu lamba ɗaya da ta dace da kowane batir. Babba yana da turjiya ƙasa da ƙarami, domin farantansa sun fi faɗi. Da mitar waya huɗu, sabon rufaffen batir mai bolt 12 da 200Ah yakan nuna miliom 3 zuwa 4, mai 100Ah 4 zuwa 6, ƙaramin nan mai 7Ah na cikin UPS kuwa 20 zuwa 30. Tubula, wato dogon batirin nan mai ruwa, yakan ɗan ɗara rufaffe mai girmansa, wannan ƙirarsa ce ba ciwo ba. Kamfanoni da yawa suna rubuta lambar a takardar bayanin batir, a neme ta.

Abin da ya fi wannan amfani shi ne gwama batir da kansa ko da 'yan'uwansa. Idan kana da lambar ranar da aka ɗaura shi, ƙarin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na nufin a sa masa ido. Ƙarin kashi 50 zuwa sama, a fara tanadin kuɗi. Idan babu tsohuwar lamba, jera na yau: 4.2, 4.3, 4.1, 7.9. Na huɗun ne ke jan sauran ƙasa. Shi zai fara faɗuwa in an ɗora kaya, shi zai fara hawa in ana caji, caja ta ɗauka an cika ta tsaya, sauran ukun su riƙa kwana da yunwa har su ma su bi sahunsa.

Me ke sa turjiyar ciki ta hau? A garin nan abu biyu ne a gaba. Na farko barin batir a sauke: kwanakin damina da hadari ya rufe rana, ko unguwar da wuta ta daɗe ba ta zo ba, ana ta ja ba a mayarwa. Gishirin dalma da ke taruwa a fuskar faranti lokacin amfani, caji ne ke narkar da shi. In an bar shi ya daɗe sai ya ƙanƙare ya toshe wurin da asid ke taɓa dalma. Na biyu ƙafewar ruwa a lokacin bazara: duk ɓangaren farantin da ya fito sama da ruwa ya fita daga aiki. Akwai kuma cinyewar ragar da ke riƙe faranti, wadda tsufa da zafi ke kawowa, ita ba ta da magani.

Abu ɗaya da nake so a riƙe: turjiya mai yawa tana tabbatar da matsala, amma turjiya kaɗan ba ta tabbatar da cewa batir yana riƙe caji yadda aka rubuta a jikinsa. Wannan sai gwajin saukewa: idan an rubuta 200Ah a C20, ya kamata ya ba da amfiya 10 na tsawon sa'a 20 kafin ya sauka zuwa bolt 10.5. Awon turjiya shi ke nuna maka wane batir ya cancanci a ɓata masa wannan dogon lokaci.

8. Batir mai ruwa da na litiyom

Mai ruwa da ya nuna turjiya sama, kada a yi saurin fid da rai. Buɗe murafai shida. Idan faranti ya bayyana, zuba tataccen ruwan batir har ya rufe shi, yi cikakken caji, sannan a cika zuwa alama. Auna kaurin asid na kowane ɗaki da haidiromita. Cikakken tubula yakan nuna wajen 1.240 zuwa 1.250, kuma ɗakin da ya bambanta da sauran da 0.050 shi ne mai ciwon. Maimaita awon turjiya washegari.

Gargaɗi: ban da ruwan burtsatse, ban da na leda, kuma ba a ƙara asid. Ruwa ne ke ƙafewa, asid yana nan.

Na litiyom da ke cikin akwati, abin da za ka auna a waje ya haɗa da allon da ke tsaron batir, da fis, da wayoyin ciki, don haka ba ya faɗa maka halin ƙwayoyin. Kada ka buɗe akwatin da garantinsa bai ƙare ba. Masu haɗa nasu da kansu kuwa, ƙwaya mai bolt 3.2 da 280Ah tana nuna miliom 0.25 ko ƙasa, kuma a nan ko matsar da tsinke kaɗan yana canza lamba, sai a riƙa dannawa a wuri ɗaya. Ƙananan ƙwayoyin litiyom da ake kira 18650, waɗanda ake cirowa daga tsofaffin baturan kwamfuta, ni ba na sa wanda ya haura miliom 80 a cikin haɗi.

9. Mayar da haɗi, sake aunawa

Bakin waya ya kwanta kai tsaye a kan dalma, washa a samansa, ba a tsakani ba. Ɗaure sosai amma kada ka murɗe har dalma ta tsage. Basilin bayan an ɗaure ake shafa shi. Haɗa batir da kwantirola tukuna, sannan faifai. Ɗora dutsen gugan nan ka maimaita mataki na biyu, ka ga milibolt ya sauka. Rubuta kwanan wata da lambar kowane batir a littafi, ka kuma rubuta a jikinsa da maka. Duk wata uku a sake.

Idan ɗaya ne ya lalace cikin huɗu da suka haura shekara biyu suna aiki, sa sabo a tsakiyarsu kwalliya ba ta cika biyan kuɗin sabulu ba, tsofaffin za su ja shi zuwa matsayinsu. Ya fi a nemo na hannu wanda girmansa da turjiyarsa suka yi kusa da nasu, ko a mayar da ukun wani ƙaramin aiki.

Wajen sayen na hannun, tafi da mitarka da 'yar samfefa a aljihu. Nemi izini: "Alhaji, bari in ɗan gwada kafin mu yi ciniki." Auna bolt da miliom na duk waɗanda ke jere, ka zaɓi masu lambobi kusa da juna. Idan bolt ya haura 13, yanzu aka sauke shi daga caji, ka ce a ajiye maka shi gefe ka dawo bayan la'asar ka sake aunawa. Ka kuma yi sharaɗi a rubuce cewa za ka yi gwajin saukewa a gida, in bai kai abin da kuka yi magana ba za ka dawo da shi.